Yadda ake shiga kwarin Korama da keke daga Damagaram

Wanda ya saba da duwatsun Birni da ƙurar Kasuwar Dole zai yi zaton duk ƙasar Damagaram haka take. To, ka yi kudu kaɗan ta hanyar Magarya, ko ka zagaya ta Takeita ka gangara Kance da Matamaye, sai ka ga ƙasa ta sake launi. Ga rake tsaye ya fi mutum tsawo, ga dabino da goruba, ga lambunan kabeji da albasa da rogo, ruwa kuma kusa yake ƙwarai, a wasu wuraren rijiyar ba ta wuce gaba biyu ba. Wannan shi ne kwarin Korama. Ba kogi ba ne mai gudu shekara duka. Da damina yake tafiya, da rani ya bar tafkuna da fadamu a jere, amma danshinsa ba ya barin ƙasa. Mota tana wuce shi a guje ta kan kwalta. Mai keke ne kaɗai ke iya shiga cikinsa ya bi shi lungu-lungu.

Sai dai kwarin ba ya karɓar kowa haka kawai. Abu uku ne ke mayar da mutum gida a kan amalanke: yashi, ƙaya, da iskar dawowa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kansu yake zagayawa.

Mataki na farko: zaɓi wata da sa'a

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, nan ne lokacin. Ruwan sama ya ɗauke, laka ta bushe, an girbe hatsi an buɗe gonaki, rake ya nuna ana sara, safiya kuma da sanyi. Afrilu da Mayu ka bar su, zafin rana yana wuce digiri 40, kuma a cikin yashi babu iskar gudu da za ta busar maka da gumi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kwarin ya fi kyau a ido, amma fadama takan zama taɓo mai kama taya, hanyoyin cikin gonaki kuma sun matse saboda shuka, ba ka da hurumin ratsa gonar mutum.

A watan Disamba rana tana fitowa wajen bakwai saura, ta faɗi wajen shida na yamma. Ka yi sallar asuba da kayanka a ɗaure, gari na fara wayewa ka hau. Sa'o'i huɗun farko su ne dukiyarka.

Ga abin da sabon shiga ba ya lissafawa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da sassafe tana kwance, hantsi na yi sai ta miƙe. In ka fita Damagaram ka nufi kudu, tana bayanka tana tura ka, sai ka ji kamar ƙafarka ta ƙara ƙarfi, ka yi ta ƙara nisa. Da ka juyo, ita ce a fuskarka, da ƙurarta, ga gajiya, ga rana a ka. Tafiyar da ka yi cikin awa biyu sai ta ci uku da rabi a dawowa. Na taɓa ciyo wannan bashin a hanyar Dogo, na isa gida bayan isha'i ina tura keke, ban sake ba.

Mataki na biyu: keken

Ba sai ka nemi keken Turai mai tsada da ake ƙera wa irin wannan hanyar musamman ba. Keken dutse na gwanjo mai ƙafa inci 26 ya ishe ka, in dai jikinsa ba shi da tsagewa. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne faɗin taya. Siririyar tayar keken tsere wuƙa ce a cikin yashi, yanka take ta nutse. Ka nemi mai faɗin inci 1.95 zuwa 2.1, wato wajen milimita 50. In keken naka ba ya ɗaukar wannan, kada ka yi ƙasa da milimita 40.

Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, ba abin rainawa ba ne. Shi ne ke ɗaukar damin rake daga fadama zuwa bakin kwalta kullum. Amma giyarsa ɗaya ce, kuma mai nauyi, in ya shiga yashi mai zurfi sai turawa. Mai giya ya fi, musamman in yana da ƙaramin faranti a gaba da babba a baya.

Kwana biyu kafin tafiya ka kai shi wurin mai gyara, ba ranar ba, don ka samu ka gwada aikin. Ka ce masa ya duba birki gaba da baya, ya ɗaure wayoyin ƙafafun su yi daidai, ya matse duk wani noti, musamman na kariya, wato mazaunin kaya na baya, da na sirdi. Gargadar burji tana kwance noti kamar da hannu. Ka sa ya daidaita tsayin sirdi: in ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Sai maganar ƙaya. Dabarar masu faci a nan ita ce a yanka tsohon tib a tsaye, a cire bakinsa, a shimfiɗa shi cikin tayar kafin a sa sabon. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma tsidau da yawa a nan yake tsayawa. Akwai kuma ruwan toshe huji da ake zubawa cikin taya, in ka samu ka sa, yana maganin ƙananan ƙayoyi. Babbar ƙayar aduwa dai ba ta jin kowanne.

Kacar kuwa, kada ka yarda a yi mata wanka da baƙin man inji. Kowa haka yake yi a gari, na sani. Amma mai da yawa yana kama ƙura, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su ci kaca da haƙoran giya. Ka wanke ta da kananzir, ta bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka goge bayanta da tsumma har ta daina maiƙo.

Mataki na uku: abin da za ka ɗauka

Ruwa ne gaba da komai. Ka ƙiyasta rabin lita zuwa lita ɗaya kowace awa, gwargwadon zafi. Tafiyar wuni, ni ba na fita da ƙasa da lita huɗu, ko da na san akwai famfo a hanya, don famfon ƙauye yana iya lalacewa jiya ba ka ji ba. Ka naɗe gorar da tsumma ko buhun algarara ka jiƙa, iska za ta riƙe maka sanyinta. Gora ɗaya ka yi mata haɗin gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Shi ke mayar maka da ruwa da gishirin da gumi ya fitar.

Kayan gyara: famfon hannu da ka gwada ya dace da bakin tib ɗinka, tib biyu sababbi, faci da sholisho da ɗan abin kankara, ƙarafan ɓare taya biyu, sifana 15 ta notin ƙafa, filaya, ƙananan makullan nan masu kusurwa shida in kekenka na zamani ne, da ƴar waya. Sholisho ka duba shi, wanda aka buɗe tun bara ya bushe a ciki. Ka ƙara da igiyoyin roba na tsohon tib, babu abin da ba sa ɗaurewa.

Guzuri kuma mai sauƙi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi. Fura da nono za ka samu a ƙauyuka, rake kuma yana ko'ina. Rawani ko ƙyalle don rufe hanci, tabarau saboda ƙura, hular kwano in kana da ita, in ba ka da ita ka nema. Riga mai dogon hannu ta fi mai gajere. Takalmi rufaffe, ba silifas ba, domin za ka sauka ka taka ƙarangiya. Katin shaidarka ya kasance a jikinka, akwai shingayen jandarmomi a manyan hanyoyi, kuma yankin yana kusa da iyakar Najeriya. Kuɗi kuma ka riƙe canji, mai fura ba ta da canjin jaka goma, wato sefa dubu goma.

Kaya masu nauyi a kariya ko a jikin keke, ba a bayanka ba. Jaka a baya tana tara gumi, tana kuma danna ka a kan sirdi wuni guda.

Mataki na huɗu: zana hanyar

Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps tun kana gida inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake da ƙarfi. Ka koyi karanta launi. Jan layi miƙaƙƙe burji ne. Farin layi mai karkace-karkace da rassa hanyar amalanke ce, yashi ne. Kore mai duhu fadama ce. Fari fat a gefen tafki kanwa ce ta taso saman ƙasa. Sannan ka sauke taswirar yankin a salularka da manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps, masu aiki babu intanet, don a cikin kwari rezo zuwa yake yana tafiya.

Kada ka auna tafiya da kilomita, ka auna ta da irin ƙasar. Mutum mai matsakaicin ƙarfi yana yin wajen kilomita 20 a awa a kan kwalta, 14 ko 15 a burji mai kyau, 6 zuwa 8 a hanyar amalanke, in turawa ce kuma 4 ma da ƙyar. Saboda haka kilomita goma tsakanin ƙauyuka biyu na iya cin lokacin da za ka je Mirya ka dawo.

Hanyoyi uku nake ba mutane shawara, bisa ga ƙarfinsu.

Ta farko, ta gwaji: Mirya. Kilomita 18 ce daga Damagaram a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta wuce Gidimuni da Gure har Difa. Ka bi kwalta da sassafe, ka isa ka sauka ka shiga hanyoyin da ke tsakanin lambuna da manyan kukokin garin, ka yi awa ɗaya ko biyu kana koyon yashi a wurin da in abu ya lalace mota tana kusa. Alfanunta shi ne gabas ka nufa: ka fuskanci iskar tun tana barci, ka dawo tana tura ka. Lahadi ce kasuwar Mirya, hanya tana cika da motoci da amalanke da dabbobi. In kallon tukwane da cin kasuwa kake so, ranar ce. In koyon keke kake so, zaɓi wata.

Ta biyu: hanyar Magarya, wato babbar hanya ta goma sha ɗaya, wadda ta bi ta Dogo da Bande. Ita ce ke ratsa kwarin daga arewa zuwa kudu. Ka bi kwalta har ka ga ƙasa ta fara gangara, itatuwa sun yi duhu, masu rake sun jera dammuna a bakin hanya. Daga nan ka saki kwalta ka bi gefen kwarin, gabas wajen Guna da Waca, ko yamma wajen ƙasar Durum. Wannan ita ce mai tarkon iska. Shawarata ka shirya tun farko cewa dawowa a mota za ka yi: ka fito bakin kwalta da la'asar, ka ɗora keken a saman motar kasuwa.

Ta uku, ta kwana: ka sa keke a mota har Matamaye ta Takeita da Kance, ka fara daga can, ka bi kwarin gabas ƙauye-ƙauye har ka faɗo hanyar Magarya, ka hau mota zuwa gida. Wannan sai wanda ya riga ya yi ta farko da ta biyu, kuma ba shi kaɗai ba.

Kowacce ka zaɓa, ka gaya wa wani a gida sunayen garuruwan da za ka bi da lokacin da ya kamata a ji ka. Ka kuma tambayi direbobin tasha da ƴan kabu-kabu halin hanyar kwana ɗaya kafin ka tashi. Su ke bin ta kullum, sun san inda ruwa ya yanke, sun san inda ba a so a bi a ƴan kwanakin nan. In sun ce ka bari, ka bari.

Mataki na biyar: iskar taya

Mai famfo a gari yana cika taya har ta yi ƙarar ganga, a ganinsa ya yi maka alheri. A kwalta ba laifi. A burji irin wannan tayar tsalle take, ba ta kama ƙasa, a yashi kuma nutsewa. In kana da ma'auni, mutum mai kilo 70 da tayar inci biyu ya sa wajen bar 2.5 (bar shi ne awon ƙarfin iska a ma'aunin) a kwalta, ya rage zuwa 2 in ya hau burji, ya ƙara ragewa kaɗan in yashi ya yi yawa. In babu ma'auni, babban yatsa ya isa: ka danna gefen tayar da ƙarfi, ta lotsa kaɗan kamar mangwaron da ya kusa nuna. Ta gaba ta fi ta baya laushi kaɗan, don nauyinka a baya yake.

Amma kada ka zarce. In iska ta yi kaɗan ka daki dutse ko bakin rami, ƙarfen ƙafar zai cije tib ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji, kuma irin wannan hujin yana da wuyar faci. Da ka dawo kwalta ka ƙara iska.

Mataki na shida: tuƙin kansa

Burji sauƙi gare shi in ka san halinsa. Tsakiya takan yi gargada saboda motoci, can gefe kuma tsakuwa ce ta taru mai santsi. Tsakanin biyun akwai ɗan siririn layi mai sumul wanda babura suka daddale, shi za ka nema. In gargada ta zama dole, ka ɗaga kaɗan daga sirdi, ka sassauta gwiwar hannu, kada ka damƙe kan keke kamar za a ƙwace maka. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. In ka hango ƙurar babbar mota, ka sauka gefen da iska ke fitowa, ka tsaya ta wuce. Direban ba ya ganinka cikin ƙurar wanda ke gabansa.

Yashi shi ne makarantar. Ka canja zuwa giya mara nauyi tun kafin ka shiga, don in ka shiga kaca ba za ta yarda ta canja ba. Ka matsa baya a kan sirdi don ƙafar gaba ta yi sauƙi ta hau saman yashin. Ka riƙa juya feda da sauri, a daidaice, ba tare da tsayawa ba ko na daƙiƙa ɗaya. Idonka can gaba inda kake son zuwa, ba kan tayar ba. Kan keken zai yi ta lilo hagu da dama, ka ƙyale shi, in ka yi kokawa da shi zai kayar da kai. Birkin gaba kuwa ka manta da shi a cikin yashi, taɓa shi ɗaya ƙafar ta nutse, kai kuma ka wuce ta sama.

Hanyar amalanke tana da layi uku: sawun taya biyu, da tsakiya inda shanu ko jaki ke takawa. Duk ukun a tone suke. Abin da za ka nema shi ne ƴar siririyar turbar da ke bin gefe, ta masu tafiya a ƙasa da masu keken rake. Ka duba ƙasa, in ka ga sawun tayar keke, bi shi ko da ya yi kamar ya kauce. Mutumin da ke ɗauke da dami biyu a kariya ba ya zagaye a banza. Da sassafe kuma, yashin da ya sha sanyin dare ya fi ɗaukar taya fiye da na azahar.

In keke ya tsaya, sauka ka tura. Babu abin kunya. Ƙarfin da za ka ɓata kana fama da mita ɗari na yashi ya isa ya kai ka kilomita biyu a ƙasa mai tauri.

A cikin kwarin, mafi daɗin tuƙi shi ne bakin fadama, inda jigawa ta ƙare baƙar ƙasa ta fara. Da rani tana da tauri kamar daɓe. Sai dai ka kula da inda shanu suka taka tun tana ɗanya ta bushe da ramukan kofato, da ƙananan magudanun da masu lambu ke haƙawa su ratsa turba. Inda ka ga farin kanwa a sama, kada ka yarda da shi, ɓawo ne, ƙasansa taɓo.

Wani abu kuma: in ka iso tafki da zafi a jikinka, zuciya za ta ce ka faɗa. Kada ka shiga. Ruwan da ke kwance a irin waɗannan wuraren yana ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga. Ka roƙi mai lambu guga ɗaya daga rijiya ka zuba a ka.

Mataki na bakwai: in ƙaya ta kama ka

Za ta kama ka, sai dai yaushe. Ƙasar Mirya da Magarya da Matamaye cike take da gawo, tun daga shekarun 1980 da manoma suka koma barin tsiron itace a gonakinsu suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa inuwarsa ke kiran matafiyi daidai lokacin da muke yawo. Amma ƙarƙashinsa ƙaya ce, balle inda makiyaya suka sassaro rassa don dabbobi. Haka aduwa da bagaruwa da magarya. Ka sauka tun daga nesa, ka ɗaga keken ka kai shi inuwa a kafaɗa. Haka nan kusa da shingen lambu, da reshen ƙaya ake yinsa, guntayensa suna warwatse a turba.

Duk lokacin da ka tsaya, ka juya tayoyin ka cire abin da ya maƙale kafin ya ƙarasa shiga.

In taya ta sace, ka nemi wuri mai tsabta ka kifa keken. Ka cire ƙafar, ka ɓare gefe ɗaya na tayar, ka zaro tib. Kafin komai, ka zagaya cikin tayar da yatsa a hankali har ka ji tsinin. A nan mutane ke faɗuwa: su sa sabon tib a kan tsohuwar ƙaya, su yi mita ɗari biyar ya sake sacewa. Ka zagaya sau biyu, don tsidau ba ya zuwa shi kaɗai. Ka sa sabon tib da ƴar iska a ciki don kada ya naɗe, ka mayar da tayar da hannu, ka duba ba ta cije shi ba, sannan ka buga. Hujajjen ka ajiye sai wurin hutu. A can ka hura shi ka kara a leɓe ko kunne ka ji inda iska ke fita, ka kankare wurin, ka shafa sholisho siriri, ka jira ya bushe har ya daina kama yatsa, sannan ka manna facin ka danne. Gaggawar mannawa tun yana ɗanye ita ke sa faci ya tashi.

Mataki na takwas: mutanen hanya

Kana shiga ƙauye ka rage gudu, yara da awaki ba sa duba hanya. In ka ga dattawa a gindin itace, ka sauka daga keke, ka cire tabarau, ka yi sallama. Tambayar hanya daga kan sirdi rashin kunya ce, kuma amsar da za ka samu gajeriya ce.

Yadda kake tambaya ma yana da muhimmanci. In ka ce, "Baba, garin gaba da nisa?" zai ce maka, "A'a, nan ne kusa, ka hau tudun nan ka gan shi." Gaskiya ya faɗa a ma'auninsa. Ka ce, "Baba, in mai keke zai je da kaya, ta ina yake bi?" Sai ka ji ya gyara zama: "To, ɗana, kada ka bi ta burtali, yashi ne har gwiwa. Ka bi ta bayan lambuna, in ka kai rijiya mai kukoki biyu ka yi dama." Wannan amsar ta fi taswirar salula.

Turbar da ta ratsa lambu, ka nemi izini, ka sauka ka tura in ta matse. Kada ka karya rake ko ka tsinki wani abu, ka yi "sannunku da aiki", sau da yawa kafin ka tambaya an sara maka. In an ba ka, ka karɓa, in ka ga dama ka ba yaran dabino. Hoto sai da izini, na mata kuwa ka bar shi gaba ɗaya. A bakin rijiya ka jira a ba ka, kada ka sa hannu a gugar mutane.

In ka haɗu da garke a burtali, ka tsaya gefe ya wuce. Karnukan makiyaya ba a tsere musu a yashi. Ka sauka, ka sa keken tsakaninka da su, ka kira mai su.

In kwana ya kama, ka nemi ƙofar mai gari tun kafin magariba, ka gaishe shi, ka faɗi daga inda kake da inda za ka. Shi zai nuna maka masauki. Ka tafi da ɗan goro ko sukari da shayi saboda haka. Gidan sauro kuma kada ka bar shi a gida, bakin fadama ba ya rabuwa da sauro ko da hunturu.

Mataki na tara: lokacin juyawa

Ka sa wa kanka sa'a tun kafin ka fita, misali sha ɗaya na safe, ka ce duk inda ta same ni zan juya ko in nufi kwalta. Wata ƙa'idar kuma, in rabin ruwanka ya ƙare ba ka kai rabin hanya ba, tafiyar ta ƙare. Daga azahar zuwa la'asar ka nemi inuwa ka kwanta kamar yadda masu ƙasar ke yi. Ka riƙa kurɓar ruwa kowane minti goma sha biyar, kada ka jira ƙishi. In ka ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ko ka ga abokin tafiyarka ya fara magana ba kan gado, ku tsaya nan take, a shiga inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a yi masa fifita, in yana iya sha a ba shi ruwan gishiri da sukari, a nemi babur ko amalanke zuwa likita mafi kusa.

In mota za ka hau, ka tsaya a kan ɗaurin da kanka. Yaran mota sukan kwantar da keke a kan gefen giya su ɗora buhu a sama, ka sauka ka tarar da abin canja giyar ya lanƙwashe. Ka ce a kwantar da shi gefen kaca yana sama, a sa shi bisa kaya ba ƙarƙashi ba, ka ba da robarka a ɗaure.

Ka isa gida, kafin ka shigar da keken ɗaki, ka kakkaɓe jar ƙurar da busasshen tsumma, ka goge kaca ka ɗiga mata mai, ka bi tayoyin da allura ka ciro guntayen ƙayar da suka karye a ciki. Washegari da safe ka sake danna su da yatsa, akwai hujin da sai ya kwana yake nuna kansa.